Fiton Motar Surukina Ya Kai Ni Panteka

Mun bar gida ranar Talata ana idar da sallar asuba, ni da abokina direba, wani Bazamfare da ya daɗe a garinmu yana jigilar rake. Bayan mota buhunan masarata ne, gaban mota kuma ni ne da zullumina. A gida na ce zan kai masara kasuwar Kawo a Kaduna, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne masarar 'yar rakiya ce, motar ce mai tafiyar.

Motar ta surukina ce, tsohuwar a-kori-kura fara mai shan gas. Ga wanda bai san ni ba, ni malamin firamare ne a wani gari kusa da Maƙarfi, ina kuma ɗan taɓa noma. Mahaifina ya rasu tun ban san fuskarsa ba, don haka ban taɓa koyon zama da dattijo ba, balle a ce suruki. Tun da na auri 'yarsa, tsakanina da Baba sai gaisuwar Juma'a: in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce an wuni lafiya, ya ce lafiya lau, in ƙura wa tabarma ido har ya sallame ni. Na san zanen tabarmar nan fiye da yadda na san fuskarsa. Motar kuwa duk zuwan da zan yi a ajiye nake samun ta a gindin darbejiya, ban taɓa ganin ta tana tafiya ba.

Da kaka ta yi, Baba zai tafi Kano ganin likitan ido, sai ya aiko da mukulli ta hannun maiɗakina, ya ce in kwashe amfanin gonata kafin ya dawo ranar Juma'a. Ban roƙa ba, shi ya bayar, kuma wannan ne karo na farko da ya danƙa mini wani abu nasa bayan 'yarsa. Na je gona ba kaya, lafiya ƙalau. Da na loda masara na taka ta a hawan da ke bayan gari, sai na ji wani fito siriri mai tsawo, kamar makiyayi na kiran shanu. Ga baƙin hayaƙi a madubi, ga mota ta ƙi ja. Na tsaya a gefen hanya. Abokina direba ya zo ya saurara, ya karkata hula, ya ce, “Malam, turbo ya tahi.” Turbo dai wani ƙarfe ne mai siffar dodon-koɗi a jikin inji, hayaƙin da zai fita salansa shi ke juya farfelarsa, ita kuma ta dinga cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Ni duk wannan a ranar na san shi. Abin da na sani tun kafin ranar shi ne an ba ni amanar mota lafiyarta ƙalau, ga shi ta lalace a hannuna.

Za ku ce me ya hana in buga wa Baba waya. Ni ko lambarsa in na gani a waya sai na gyara zama. Za ku ce to ita 'yarsa fa? Duk abin da ya shiga kunnen maiɗakina da safe, kafin azahar yana kunnen Inna, wato mahaifiyarta. Sai na ƙudurta a raina cewa kafin Juma'a motar nan za ta koma gindin darbejiya babu wanda ya ji labari.

Daga Tashar Yari muka hau babban titi. Titin ya yi kyau a wurare da yawa, amma mu ba mu ci moriyarsa ba. Ba abin da bai wuce mu ba. Tireloli suka wuce mu, motocin itace suka wuce mu, a hawan da ke gaban Zariya wani mai babur ɗauke da akuya da matarsa ya wuce mu, har matar ta waiwayo ta dube mu da tausayi. Mu kuwa muna tafe muna fito. A wani shingen hanya jami'in da ya tsayar da mu bai ko tambayi takardu ba, sai ya leƙa bayan mota ya ce a nuna masa inda muka ɓoye tsuntsayen. Abokina ya yi dariya har da dukan sitiyari. Ni ban ga abin dariya ba.

Mun karya a Mararrabar Jos wurin wani mai shayi Bakatsine, wanda ke ɗaga kofi sama yana zubo shayi kamar yana jan igiyar rijiya. Ƙwai ya yi tsadar da yanzu sai an tambaye ka sau biyu kafin a fasa. Burodin kuma ya koma rabin girmansa na da, sai dai ledarsa ce ba ta rage ba. Daga nan muka ratsa Rigacikun, inda gari ya fara haɗuwa da gari har ba ka gane ƙarshen wani da farkon wani, muka iso Kawo hantsi ya ɗaga. Rabona da Kaduna an daɗe. Gadar Kawo ta zama wani abu daban, hanya kan hanya, har abokina da ke cika bakin ya san Kaduna kamar tafin hannunsa ya zagaya da mu wuri guda sau biyu yana cewa gajeriyar hanya ce.

Talata ce ranar kasuwar Kawo, kuma ta ci ta batse. Masu doya, masu kaji, masu tukwane, 'yan dako suna ihun a ba su hanya. Ban ja ciniki ba. Dillalin da ya sayi masarar ya lura ina sauri, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Na tabbata har yanzu yana yi mini addu'ar Allah Ya ƙara kawo irina.

Makaniken da za mu gani a Rafin Guza yake, ɗan garin su abokina ne. Unguwar a cushe take, lungu ya shiga lungu, ga masu walda, ga kafintoci, ga mata masu suyar awara a bakin kwata, kowa da sana'arsa a ƙofar gidansa. Garejin wani fili ne a ƙarƙashin mangwaro, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Makaniken gajere ne mai fara'a, kuma tun gaisuwa na gane kalmar “ba zai yiwu ba” ba ta cikin bakinsa. Ya sha fama kafin ya kwance turbon, don notocin sun kama kamar an haife su a wurin. Da ya fito da shi, ya sa yatsa ya girgiza farfelar, tana ta lilo. Ya ce, “Malam, ai wannan ya daɗe da gajiya. Dubi tsatsar nan, dubi wannan baƙin. Wannan ba aikin jiya ba ne.” Na ce masa na gode. A raina na ce mutumin kirki ne, yana so ya kwantar mini da hankali ne kawai. Da na tsaya na saurari maganar nan da kunnen basira, da labarin ya ƙare a nan.

Ya sa mana tsohon turbon a buhu, ya ce mu tafi da shi Panteka a matsayin samfur, don a kasuwar kayan mota ba a saye da baki, sai ka ajiye tsoho kusa da sabo an gwada. Muka tari keke mai ƙafa uku. Mai keken ɗan Kano ne, bai yi shiru ba har muka isa, ya ba mu labarin tsadar mai, da rushe-rushen da aka yi aka faɗaɗa tituna, da yadda zai gyara ƙasar nan cikin wata guda in aka ba shi dama. Ni dai ina rungume da buhu a cinya, baƙin mai yana ɗiga a kan farar shaddata ta zuwa taro.

Wanda bai taɓa shiga Panteka ba, ba zai gane ba ko an faɗa masa. Ƙarar guduma ce ke fara tarbarka tun daga titi. Duk wani ƙarfe da ya taɓa mutuwa a Arewa, ina jin nan ake tashinsa. Ga ƙofofin mota jere kamar allunan makaranta, ga injuna a ƙasa an tuɓe su, ga masu ƙera tukwane da murhu da injin niƙa daga abin da wani ya zubar. Ba mu yi taku goma ba 'yan kamasho suka yanyame mu, kowa na jan buhun yana cewa shagon yayansa ne kaɗai ke da irinsa a duk Kaduna.

A nan na koyi cewa turbo iri-iri ne. Akwai sabo dal a kwali mai ƙyalli da araha, wanda mai shagon da kansa ya ce ba ya rantsuwa a kansa. Akwai tokumbo, wanda aka ciro daga motocin waje, ya yi aiki amma da sauransa. Akwai kuma wanda aka wanke aka fesa masa fenti ruwan azurfa, yana sheƙi kamar kwanon amarya, in ka girgiza farfelarsa ka ji ta fi tamu lilo. Kowane mai shago sai ya sa yatsa ya juya farfela, ya hura mata iska, ya kai kunne, ya ce, “Ka ji ko?” Ni kuma in gyaɗa kai in ce na ji. Ban san abin da nake ji ba.

A shagon wani ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Kaduna, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana, muka sami daidai namu. Ya duba lambar da ke jikin ɗan ƙarfen da aka manna wa tsohon, ya shiga ciki ya fito da tokumbo, ya ajiye su gefe da gefe. Kamar tagwaye. Ramukan noti huɗu sun hau, bakin bututu ya hau, farfela tsam ba motsi. Da a ce ni mai hankali ne, da na biya na tafi.

Amma sai idona ya faɗa kan wani a saman kanta, ƙato, ya kusa ninka namu. Abokina ma ya gan shi. Ya matso kunnena ya ce, “Malam, mi kaka jira? Wanga shi ad daidai da mutuncin surukinka. In munka sa wanga, ko tirela sai ta ba shi hanya.” Maganar ta sami wurin zama a zuciyata, saboda ta taɓo abin da aka raine ni a kai. Mu a gidanmu, in maƙwabta suka aiko da tuwo, mahaifiyata ba ta taɓa mayar da kwano haka nan. Ko gyaɗa ce sai ta zuba. In ka ari fartanya, ka wasa ta kafin ka mayar. To yaya za a ce na ari motar suruki, na kashe mata turbo, in mayar da daidai wanda na kashe, tsoho ma na hannu? Ai sai a ce na yi ƙwauro. Na nuna ƙaton na ce shi nake so.

Mai shagon ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan na babbar mota ne fa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.” Ya ce in an ɗora wa ƙaramin inji babban turbo, ba ya tashi sai mota ta ɗauki gudu, a gona kuwa ina gudun yake? Ya ce zai nemi babban intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, zai nemi manyan bututai, a taɓa nozul, kulocin ma wataƙila ya ce bai yarda ba. Duk abin da ya lissafa, ni a kunnena ƙarin gyaɗa ne a kwano. Abokina na gefe yana ta zuga ni. Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya karɓi kuɗinsa. Muka fito mu biyu muna riƙe da buhu ɗaya kamar masu ɗaukar ragon suna.

Muka tsaya cin abinci a wata rumfa a bakin kasuwa, shinkafa da wake da mai da yaji, an yanka albasa da tumatir a kai. Ban taɓa jin daɗin abinci kamar na ranar ba, don ina ci ina hango Baba ya taka mota ta tashi, ya juyo ya ce wa Inna, yaron nan ɗan halak ne.

Da la'asar muka koma Rafin Guza. Makanike ya buɗe buhu ya yi kabbara. Ya ɗora ƙaton a jikin inji, rami ɗaya ya hau, uku suna kallon gabas. Ya ce ba komai, za a ƙera faranti a huda sababbi. Ya gwada bututun iska, bakin ya yi masa kaɗan. Ya ce ba komai, akwai mai walda a bayan masallaci. Ya sauke murfin inji, murfi ya zauna a kan turbo ya ƙi rufuwa, ya bar rata da kaza za ta iya shiga. Ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce, “Wannan ma ba komai ba ne, Malam. Sai mu yanka bonet ɗin, mu yi masa ɗan tozo a sama. Ai har kyau zai ƙara.” Har ya aika a kira mai walda, abokina kuma yana zana inda za a yanka da yatsa.

A nan ne Allah Ya dawo mini da hankalina. Na hango motar Baba a gindin darbejiya da tozo kamar bijimi, jama'ar unguwa sun kewaye ta, shi kuma ya dawo daga wurin likitan ido da sabon gani, abin da zai fara gani ke nan. Na ce a dakata. Na faɗa da ƙarfin da har mai awara ta waiwayo. Ni da na fito don kada a gane an taɓa mota, ga ni ina shirin yi mata alamar da za a gane ta daga Zariya.

Mun kwana a Doka gidan wani ɗan kawuna, ma'aikacin gwamnati. Unguwar shiru, ga manyan bishiyoyi tun na zamanin da, ga ofisoshi sun cinye rabin gidajen. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Da ya ji labarina sai ya ce shi a ganinsa a kafa ɗan kwamiti a cikin dangi a duba lamarin. Na ce masa Juma'a ce wa'adina. Ya ce to lallai ba aikin kwamiti ba ne.

Washegari da sassafe muka koma Panteka da ƙaton a buhu. A jikin shagon an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, jiya ma na gani. Na tsaya ina kame-kame. Mai shagon ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Tsakaninka da Allah, motar wa ce?” Na sunkuyar da kai na ce ta surukina ce, aro ya ba ni, mu kuma a gidanmu ba a mayar da kwano babu ko gyaɗa a ciki. Kai, kamar na saki guɗa. Ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wannan ya kira na gaba, kafin ka ce kwabo layin gaba ɗaya ya taru ana dariya ana yi mini jaje. Wani dattijo mai sayar da lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya ce shi keken surukinsa ya taɓa ara aka sace, sai da ya yi shekara yana bin bayan gari zuwa masallaci. Mai shagon ya share hawaye ya ce shi ma yana da suruki, kuma ya san abin da ake ji. Ya karɓi ƙaton ya mayar saman kanta, ya ɗauko mini tagwayen namu.

Sauran kuɗin bai ba ni a hannu ba, ya ce in dai gyaɗa nake so in zuba a kwano, ga inda ake zuba ta. Ya haɗo mini sabon siririn bututun da ke kai wa turbo mai, ya ce yawanci shi ke toshewa ya kashe turbo da ƙishirwa, ka sa sabo a kan tsohon bututu ka sake binne wani. Ya haɗo gaskit, da robobin iska da maɗaurinsu, da matatar iska, da matatar mai. Baƙin mai kuma ya ce kada in saya a nan, in je cikin gari inda ake sayar da na gaske a rufe. Wannan ya kai mu wajen Babbar Kasuwa, inda na sayi galan guda, na kuma ratsa ciki na saya wa Inna turaren wuta, maiɗakina kuma atamfa, don na san akwai ranar da zan buƙaci ta yi mini sassauci.

Kafin azahar makanike ya ɗaura komai. Ya wanke intakula da fetur, abin da ya fito daga ciki kamar kunun kanwa da ya ƙone. Ya ɗura wa sabon turbo mai da hannu kafin a tayar, ya bar inji yana aiki a hankali, ya gargaɗe ni cewa in an yi tafiya mai nisa kada a kashe mota nan take, a bar ta ta huce. Ya ɗan yi jimamin tozon da bai samu ya yi ba. Tsohon turbon 'yan gwangwan suka so saye, na hana. Kayan Baba ne, ko mushe ne sai na san inda zan ɓoye shi.

Komawa gida wata tafiya ce daban. Mota ta zama yarinya. Babu fito, babu hayaƙi, hawa kamar gangara. Abokina ya wuce tirela uku a jere yana ɗaga musu hannu, sai da na tuna masa motar wa ce. Na sauke shi a garinmu, na wuce ni kaɗai don in ajiye ta a gindin darbejiya tun kwana biyu kafin mai ita ya dawo.

Ina shan kwanar gidan na hango tabarma a shimfiɗe, da mutum a kai, da sabon tabarau. Likita ya sallame shi da wuri. Na kashe mota, na manta ma da gargaɗin a bar ta ta huce, na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa. Ni da tabarma muka shiga kallon juna. Can sai muryar Inna ta fito daga zaure tana tambayar wace baƙuwar mota ce ta tsaya a ƙofar gida ba sallama.

Baba ya ce, “Tashe ta in ji.” Na tashe ta. Ya ce in taka. Na taka. Ya karkata kai ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, “Ina fiton?”

Na kashe mota na fito. Na koma na durƙusa, na zayyana masa komai, tun daga hawan bayan gari har tozon da aka so yi. Na ɗauko buhun tsohon turbon na ajiye a gabansa, na ce a hannuna ya mutu, a gafarce ni. Ban ɗaga kai ba sai da na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da na shigo gidan nan. Baba ne ke dariya, har ya cire tabarau yana goge ido, yana cewa likita ya hana shi hawaye.

Ya ce, “Da fitonta na saye ta. Tun daga gadar bakin gari Innarku ke jin ta ta ɗora ruwan tuwo. Kuma da gangan na ƙi gyarawa, don duk wanda ya are ta sau ɗaya ba ya dawowa na biyu. Kowa sai ya kawo mini mukulli yana ƙorafi. Kai kaɗai ne ka ji fito ka ɗauka laifinka ne.” Ya sake duban buhun, ya ce, “Me ya hana ka tambaye ni?”

Na ce, “Kunya, Baba.”

Ya ce, “Kunyar da za ta kai mutum Panteka ta sayar masa da masara, ai ta zama ciwo. Tashi ka kai ni masallaci.” Masallacin nan ko tsohuwa ba ta hawa mota zuwa wurinsa, ga shi can ana hango shi. Na buɗe masa ƙofa, ya shiga gaba ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Muka wuce masallaci, ya ce in ci gaba, akwai sauran lokaci. Muka je har gada muka juyo, yana tambayata yadda Kawo ta koma, ina ba shi labarin mai shago da dattijo mai lagireto, yana dariya. Ranar na fara sanin cewa Baba yana da wushirya.

To, abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ka sayi turbo, tafi da tsohon a hannu, ka sayi daidai lambarsa, abin da ya rage ka zuba a bututun mai da matata, kada ka bi girman ƙarfe ko zugar abokin tafiya. In makanike ya ce maka ciwo ya daɗe, ka yarda da shi. Sannan matambayi ba ya ɓata, ko da wanda za a tambaya suruki ne. Tambaya ɗaya a waya da ta bar mini masarata a rumbu.

Amma ban yi da-na-sani ba. Abin da Baba ya guda ya faru, labari ya bazu cewa mota ta warke, masu aro suka fara sallama tun da safe, Inna kuma tana mitar yanzu sai dai ta ga mutum a kanta tuwo bai nuna ba. Ranar Juma'a na je gaisuwa na tarar da wani maƙwabci yana roƙon a ba shi ita ya kwaso dawa. Ina daga nesa ina tuɓe takalmi na ji Baba yana ce masa, “Ni yanzu ba ni da ta cewa. Ga ɗana nan ya iso, shi ya san ciwonta, ka tambaye shi.” Na waiwaya in ga ɗan nasa da ya iso. Babu kowa a bayana.